Allura Safe da Yamma: Jinyar Jatau

A ƙasarmu ba a saba kai kyanwa asibiti ba. Saniya ta ƙi kiwo, kafin azahar an nemo malamin dabbobi. Doki ya yi ɗingishi, mai shi ba ya barci. Ko kajin gidan gona suna da ranakun rigakafinsu rubuce a jikin bango. Waɗannan dukiya ne, ciwonsu asara ce da ake iya lissafawa da naira. Ita kuwa kyanwa zaman yarjejeniya take yi da masu gida: ta kama ɓera, a bar mata kan kifi da ragowar tuwo. Ran da ta fara ramewa sai a ce tsufa ne, ko ta ci wani abu a waje. Wata rana a wayi gari ba a gan ta ba, a samo wata. Shi ya sa har yau idan na ce na yi shekaru ina yi wa muzuru allurar insulin safe da yamma, wasu sukan ɗauka kuɗi ne suka yi mini yawa. Ni kuwa malamin makaranta ne, albashina a ƙirge yake.

Jatau na Inna ne. Tun yana ɗan mitsitsi ta tsince shi a bayan ɗakin girki, ta raine shi da madara a murfin kwalba. Da ya girma ya fara yawon dare yana dawowa da kunne a yage, sai ta sa aka kai shi aka yi masa fiɗiya, daga nan ya zama ɗan ɗaki. Duk abin da Inna ta kai baki shi ma sai ya taɓa: burodi jiƙe da shayi da safe, shinkafa da rana, tuwo da miya da dare. Ya yi ƙiba har ɗaukarsa sai da hannu biyu. Lokacin da ƙarfin Inna ya ragu muka ɗauko ta zuwa gidana a Zariya, a kwando aka zo da shi, kwandon yana kan cinyarta. Ya haura shekara goma a lokacin.

Ruwa ne ya fara tona ciwon. Muzurun da a da yakan wuni bai kusanci kwanon ruwa ba, sai ga shi yana bin buta, yana leƙa bokitin wanka, yana tsugune a gindin famfo yana jiran ɗigo. Yashin da muke zuba masa a tsohon daro ya koma jiƙewa sharkaf tun kafin rana ta yi tsaka. Ci kuwa babu ƙaƙƙautawa, amma in ka shafa bayansa sai ka ji ƙasusuwa suna bin tafin hannunka ɗaya bayan ɗaya. Uwargida ce ta lura kiyashi sun yi layi a inda ya yi fitsari a bayan madafa. Mahaifinta ya yi fama da ciwon suga, don haka ba ta buƙaci a yi mata bayani ba. Abin da ya karya zuciyar Inna shi ne tafiyarsa. Kyanwa mai lafiya a kan yatsu take takawa. Shi kuwa ƙafafunsa na baya sun saki, yana shimfiɗa dugadugai a ƙasa, gadon da yake hayewa da tsalle ɗaya ya gagare shi. Ta kira ni ta ce, "Kai, ka kai bawan Allahn nan a duba shi. Idona ba zai iya ba."

Likitar dabbobin da muka samu matashiya ce, kuma ba ta yi gaggawar yanke hukunci ba. Ta ɗebi jini, lamba ta fito sama da 400, amma ta ce wannan kaɗai bai isa hujja ba. Kyanwa tana da wata ɗabi'a: tsoro kawai, na shiga mota da warin asibiti da hannun baƙo, yana iya cilla sugan jininta sama na ɗan lokaci alhali lafiyarta ƙalau. Akwai wani gwajin jini da ke nuna matsakaicin sugan makonni biyu zuwa uku da suka wuce, wanda firgicin rana ɗaya ba ya ruɗa shi, kuma inda ake samunsa shi ke raba gardama. Mu dai sai da ta haɗa gwajin fitsari da labarin ƙishirwa da rama da yadda yake takawa, sannan ta ajiye biro.

"Malam, ciwon suga ne, irin na mutane," in ji ta. "Ana rayuwa da shi, in dai akwai wanda zai tsaya."

Na ce, "Likita, wane irin tsayawa?"

Ta ce, "Allura sau biyu a rana, tsakaninsu awa goma sha biyu. Babu Juma'a, babu Lahadi, babu ranar Sallah."

Ta zana mini yadda abin yake a bayan takardar magani. Abinci, musamman mai sitaci, yana narkewa ya koma suga ya shiga jini. Sugan nan ba ya ratsawa cikin tsoka ya zama ƙarfi sai da taimakon insulin, sinadarin da ke fitowa daga wata 'yar gaɓa mai laushi kusa da tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Teɓa da rashin motsi suna sa jiki ya daina sauraron insulin, fankiriyas ta yi ta ƙara himma har ta gaji. Daga nan suga ya cika jini amma jiki bai amfana da shi ba, tamkar gidan da rumbunsa ke cike da gero, ƙofar rumbun a liƙe, yara suna kwana da yunwa. Shi ya sa mai ciwon yake ci yana ramewa, domin jikin ya koma cin kitsensa da namansa. Jinin kyanwa mai lafiya yakan nuna wajen 80 zuwa 120 a ma'aunin miligiram na mitocin da ake sayarwa a kantin magani. Idan ya haura wajen 250 zuwa 290, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ta tsiyayar da shi cikin fitsari, shi kuma ya ja ruwa ya tafi da shi. Ga asalin ƙishirwar, ga abin da ya gayyato kiyashi. Sakin ƙafafun kuwa jijiyoyi ne da sugan ya daɗe yana ci.

Wanda ya fi shiga haɗarin shi ne daidai irin Jatau: namiji, wanda aka fiɗiye, mai ƙiba, mai shekaru, mazaunin ɗaki. Kyanwa maciyar nama ce tun halitta. Ɓera da ƙadangare da tsuntsu da fara su ne abincinta na asali, kuma babu wani sitacin kirki a cikinsu. Masu bincike a cibiyar Monell da ke Filadelfiya ta Amurka sun nuna a 2005 cewa harshen kyanwa ma ba ya jin zaƙi, domin ƙwayar gadon da ke ba sauran dabbobi wannan ɗanɗano ba ta aiki a jikinta. Mu ne muke ganin gata muka yi mata da tuwo da burodi.

Likita ta rubuta mana glargine, wanda aka fi sani da sunan kasuwa Lantus. Na mutane ne, an amince da shi tun shekarar 2000, amma an gano yana dacewa da kyanwa saboda a hankali yake aiki kuma yana daɗewa a jiki. Akwai waɗanda aka yi musamman don dabbobi, irin su ProZinc da Caninsulin, sai dai samunsu a nan ba kullum ba. A nan ne ta jawo kujera kusa da ni, ta sa na maimaita abin da ta faɗa kamar ɗalibi a aji. Insulin ba ƙarfi ɗaya ba ne a kasuwa. Na mutane galibi yunit 100 ne a kowace mililita, an rubuta U-100 a jikinsa. Waɗancan na dabbobi yunit 40 ne, U-40. Kowanne da sirinjinsa. Wanda ya zuƙi insulin U-100 da sirinjin U-40 zuwa layin 2, yunit biyar ya ɗebo yana zaton biyu ne. Ga dabba mai kilo huɗu ko biyar wannan yana iya zama ajali. Galibi murfin sirinjin U-100 ruwan lemo ne, na U-40 ja, amma ta ce kada in dogara da launi, in karanta rubutun duk lokacin da na sayo sabon ƙunshi, ko da mai kanti ya tabbatar mini duk ɗaya ne. Da yunit ɗaya muka fara, safe da yamma. Ɗigo ne wanda in ya faɗi a tafin hannu da ƙyar za ka gan shi.

Allurar kanta, wadda na fi jin tsoro, ita ce ta zama mafi sauƙi. Likita ta ba ni ruwan gishirin asibiti na gwada a gabanta. Za ka kama fatar gefen ƙirji ko ta kwiɓi da yatsu uku ka ɗaga, fatar kyanwa sakakkiya ce, tana biyo hannu. A gindin inda ta ɗagu akwai ɗan lotsawa, nan za ka soka tsinin a ɗan kwance, ka tura, ka zare. Ƙarƙashin fata ake nufa, kada a kai ga tsoka. Tsinin siriri ne ƙwarai kuma gajere. A gida na koyi in jira sai ya dulmiya kai cikin kwano, kuma mafi yawan lokuta ko kunne ba ya kaɗawa. Yau dama, gobe hagu, ana ɗan matsawa gaba ko baya, don kada wuri ɗaya ya yi tauri ya daina shan magani. Sirinjin da aka gama da shi kuwa ba ya shiga shara. A gora mai kauri mai murfi nake tara su, in ta cika in mayar asibiti. Duk wanda ya san yadda yara ke tona bola da hannu ba zai nemi a faɗa masa dalili ba.

Abin da ya fi yin allurar wuya shi ne sanin lokacin da ba za a yi ta ba. Idan ya shinshina kwano ya juya baya, ko ya yi amai, sirinji ya koma inda ya fito sai an ji daga bakin likita. Insulin a jikin da babu abinci a ciki haɗari ne. Ƙin ci da amai da kasala a jikin mai ciwon suga kuma suna iya zama alamar jini ya fara yin tsami saboda jiki yana ƙona kitse babu iyaka, wannan kuwa na asibiti ne a ranar, ba a kwana da shi a gida. Sannan akwai ranar da kowane mai jinya zai haɗu da ita: ka zare allura, ka shafa gashin, ka ji danshi, ka ji warin maganin a yatsanka. Tsinin ya fasa fata ya fita ta ɗaya gefen. Zuciya za ta ce ƙara masa, ai bai samu ba. Kada a biye mata, domin ba ka san nawa ya shiga nawa ya zube ba. Suga ya kwana a sama na rabin yini ba kasafai yake kisa ba, amma ya faɗi ƙasa warwas yana iya kashewa cikin 'yan awoyi. Kada garin neman gira a rasa ido.

Wannan dokar ce ta sa muka rataya kalanda a jikin firji. Gida mai mutane da yawa, kowa yana jin tausayin majinyacin, shi ya fi fuskantar haɗarin a yi allura sau biyu: ni in yi in fita masallaci, uwargida ta fito ta ɗauka na manta. Sai muka tsayar cewa duk wanda ya yi allura ya sa hannu a ranar kafin ya rufe firji, wanda bai ga sa hannu ba kuma ya tambaya kafin ya taɓa sirinji.

Ƙarfe bakwai na safe da bakwai na yamma muka zaɓa. Ɗan jinkirin da bai wuce awa ɗaya ba ana iya ɗauka, amma ba kullum ba. A nan ne mutum yake gane yawan abubuwan da ke cin magaribarsa: ɗaurin aure a Katsina, ta'aziyya a Funtuwa, taron iyaye da malamai da ya ƙi ƙarewa, cunkoson hanyar Kaduna. A watan azumi lokacin yakan faɗo daidai da hidimar buɗa-baki, sai mu riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan tun kafin watan ya kama. Babbar 'yata, tana sakandare a lokacin, ta koyi allurar don ranakun da ba na nan, kuma hannunta ya fi nawa natsuwa.

Sai batun sanyi. Insulin yana son firji, tsakanin digiri 2 da 8, kuma in ya daskare ya lalace, don haka ba ya shiga wurin ƙanƙara. Amma kowa ya san watannin Maris da Afrilu a arewa, ya kuma san yadda wuta ke tafiya ta kwana. Abin da ya cece mu dabarar ɗan jihar Jigawa ce, marigayi Mohammed Bah Abba, malamin da ya yaɗa tukunya cikin tukunya har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen tsumma a sama. Ruwan yana bushewa yana tafiya da zafi. Ya yi ta ne don tumatir da alayyafo, mu kuma muka sa maganin a cikin roba mai murfi muka ajiye a ciki duk ran da firji ya ɗumame. Ba ta kai firji ba, kuma da damina, lokacin da iska ke da laima, aikinta yana raguwa. Daga baya hankalina ya ƙara kwanciya da wani bincike da Jami'ar Janeba da ƙungiyar likitoci ta MSF suka fitar a 2021. Sun kwaikwayi zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda yanayi ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, suka tarar insulin da aka buɗe ya riƙe ƙarfinsa har makonni huɗu. Wannan bai ba da damar barinsa a rana ko a cikin mota ba. Glargine garai-garai yake kamar ruwa, ba a girgiza shi, kuma ran da ka ga ya yi gajimare ko ɗan gudaji, ya tashi daga aiki.

A cikin wannan hali ne Kawu, ƙanin Inna, ya zo gaishe ta daga ƙauye. Shi ma ciwon suga gare shi, kuma ya daɗe a kan allura. Ya buɗe firji zai sa nasa maganin, ya ga na Jatau. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo ya ce mini, "Yanzu kai ɗan nan, maganin da nake rage wa kaina don ya kai ni ƙarshen wata, shi ake tsira wa mage?"

Ban amsa da sauri ba, domin maganarsa tana da nauyi. Zan iya cewa abin da Jatau ke sha a kwana goma bai wuce abin da babban mutum zai iya buƙata a yini ɗaya ba, kuma gaskiya ne. Amma lissafi ba ya sanyaya zuciyar wanda ke auna lafiyarsa da kuɗin aljihu. Inna ce ta amsa daga kan tabarma. Ta tuna masa hadisin da duk muka sani tun muna allo, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Ta ce, "Ni na raba shi da yawo, ni na saba masa da kwano. In na juya masa baya yanzu, me zan ce gobe ƙiyama?" Ni dai abin da na tsaya a kai har yau shi ne, haƙƙin Kawu a kaina ya fi na Jatau girma nesa ba kusa ba, kuma sauke ɗaya ba ya ɗauke ɗayan. Maganin Kawu ya shiga lissafin gidanmu tun daga wannan zuwan. Wanda kuma ba shi da halin ɗaukar jinyar dabba irin wannan, ban ga laifinsa ba. Abin da nake roƙonsa kawai shi ne ya je ya faɗa wa likita gaskiyar aljihunsa, a duba abin da za a iya yi, kada a bar dabbar ta narke a lungu babu mai tambaya.

Akwai kuma abin da Kawu bai sani ba sai da muka zauna hira da dare. Wannan maganin da ke riƙe da ransa, asalinsa daga jikin dabbobi ya fito. A 1889, a birnin Strasbourg, Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire fankiriyas ɗin kare, suka ga ya kamu da ciwon suga, daga nan aka san inda asalin matsalar take. A 1921, a Jami'ar Toronto ta Kanada, Frederick Banting da Charles Best suka yi ta gwaji a kan karnuka har suka fitar da sinadarin da ke sauke suga. A watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar da James Collip ya tace daga fankiriyas ɗin shanu, ya farfaɗo daga bakin mutuwa. Shekara sittin bayan nan, har zuwa 1982 da aka fara sayar da wanda ake haɗawa a masana'anta, insulin na duniya daga mahauta yake fitowa, daga shanu da aladu. Waɗanda suka gano shi kuwa dala ɗaya-ɗaya suka karɓa suka miƙa haƙƙin mallakarsa ga jami'ar, don kada tsada ta hana kowa samu. Cewa bayan shekara ɗari dattijo irin Kawu yana rage wa kansa allura, abin kunya ne ga duniya baki ɗaya, kuma yana ƙona mini rai duk lokacin da na tuna.

Gwajin jini a gida shi ya juya jinyar. A gefen kunnen kyanwa akwai wata siririyar jijiya da ake gani in an haska tocila. Ka ɗumama kunnen da tafin hannu, ka ɗan tsira shi, ɗigo ya fito, mita ta karanta. Mitar mutane takan nuna ƙasa kaɗan da ainihin sugan kyanwa, don haka likita ta ce mu tsaya a kan mita ɗaya mu riƙa kai mata lambobin. Wasu ranakun Asabar mukan gwada duk bayan awa biyu ko uku daga allurar safe zuwa ta yamma, don a ga inda sugan ke sauka mafi ƙasa, domin da wannan lambar ake yanke ƙari ko ragi. Ba mu taɓa canza yawan maganin da kanmu ba, kuma ita ma ba ta ƙarawa sai an bar jikin ya zauna a kan wanda ake ciki na aƙalla mako guda.

Na ware littafin rubutu irin na 'yan makaranta: lokaci, yawan allura, abin da ya ci, yawan ruwan da ya rage a kwano, yadda yashi ya jiƙe, nauyinsa a ƙarshen mako. A wajena wannan littafin shi ne babban abin da jinyar ta koya mini. Majinyacin da ke magana yakan ce kaina na juyawa, jikina na rawa, a taimaka. Wanda ba ya magana kuwa, ba shi da wani baki sai idon mai kula da shi, ido kuma yana mantuwa in ba a rubuta ba. Likita tana ganin Jatau na minti ashirin a tsorace, mu muna ganinsa dare da rana a sake. Duk ƙwarewarta, da abin da muka rubuta take aiki. Na ga wannan ya bi ni har cikin jinyar mutane. Lokacin da Inna ta fara rikicewar tsufa ba ta iya faɗin inda ke mata ciwo, littafi irin wannan muka buɗe mata, kuma likitocinta sun fi jin daɗinsa a kan dogon bayanin baki.

Abinci kuwa sai da aka yi da Inna a hankali, domin hana ta ba shi burodi kamar hana ta nuna ƙauna ne. Muka mayar da shi kan dafaffen kaza da kifi da ƙwai, da zuciya da ƙundu, hanta kaɗan-kaɗan, tare da ƙarin sinadaran da likita ta rubuta don nama zalla bai cika komai ba. Babu albasa, babu tafarnuwa, domin suna lalata jinin kyanwa, saboda haka ragowar miya ta haramta gare shi. Likita ta kuma gargaɗe mu kada mu ce za mu rage masa teɓa da yunwa. Kyanwa mai ƙiba in ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, kitse yana taruwa a hantarta, ciwon da ya fi na farko saurin kisa.

Watanni suka shuɗe. Kwanon ruwa ya daina ƙarewa, gashinsa ya kwanta, ƙafafun baya suka fara miƙewa. Sai wata rana da la'asar 'yata ta ƙwala mini kira. Jatau yana tangaɗi, ƙwayar idonsa ta buɗe baƙi ƙirin, yana kallon bango kamar bai san gidan ba. Ta riga ta lakato zuma tana goga masa a dasashi, kamar yadda aka koya mana. Ba a ɗura wa dabbar da ke wannan hali ruwa ko abinci, kada ya sarƙe ta, shafawa ake yi a dasashi. Mita ta nuna ƙasa da 50. Cikin 'yan mintuna ya fara dawowa hayyacinsa, muka ba shi abinci, muka nufi asibiti da shi duk da haka, domin zuma tana ƙarewa a jini tun insulin bai gama aiki ba.

Likita ta buɗe littafin tana bin lambobin makonnin baya da yatsa, suna sauka a hankali. Ta ce, "Malam, abin ya ba da tsoro, amma labarin mai daɗi ne. Fankiriyas ɗinsa ta farka." Ashe yawan suga da kansa yana danne ƙwayoyin da ke yin insulin. In aka sauke shi da wuri aka gyara abinci, a jikin wasu kyanwoyin ƙwayoyin sukan huta su koma aiki, sai allurar da a da ta yi daidai ta zama ta yi yawa. Wani ƙaramin bincike da aka buga a 2009 daga Jami'ar Kwinsland ta Ostireliya ya bi kyanwoyi 24 da aka gano ciwonsu sabo-sabo, kuma takwas ɗin da aka ba glargine tare da abinci mai ƙarancin sitaci duk sun kai ga ajiye allura. Ba kowace kyanwa ke samun haka ba, kuma wadda ciwon ya daɗe a jikinta kafin a gano damarta ta fi ƙaranci. Aka yi ta rage wa Jatau har aka tsayar, kuma da ya cika makonni huɗu sugansa daidai babu allura, likita ta ce ciwon ya kwanta. Ta ƙi yarda a ce ya warke. Ta ce a ci gaba da abincin, a ci gaba da gwaji lokaci-lokaci, kuma kada kowa ya kuskura ya sayo masa magungunan kumburi irin su dexamethasone ko prednisolone a kanti, domin suna tayar da shi.

Yanzu an samu magungunan sha na kyanwa: hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Bexacat a ƙarshen 2022, da Senvelgo a 2023. Ana ba da su ne ga wadda ba a taɓa yi wa insulin ba kuma jikinta da sauran ƙarfi, don haka irin su Jatau ba sa cikin lissafi. Wanda zai fara jinya yau ya tambayi likitansa ko ana samunsu.

Ciwon ya dawo bayan fiye da shekara, ta dalilin wani haƙori da ya ruɓe ya kumbura masa baki. Wannan karon 'yata ta kama shi tun a kwanon ruwa, kafin ya rame, kafin ƙafa ta saki. Aka cire haƙorin, muka koma yunit ɗaya safe da yamma, kalanda ta koma jikin firji. Bai sake tashi daga allura ba, amma ya ci gaba da hawa gadon Inna da tsallensa har tsufa ya cim masa sosai. Ciwon ƙoda, wanda ya yawaita a tsakanin tsofaffin kyanwoyi, shi ya zama ajalinsa, kuma har makonsa na ƙarshe sugansa bai fita daga iyakar da likita ta gindaya ba.